Takin da ke isowa bayan masara ta yi goyo

Kusan duk shekara, a ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, za ka ji sanarwa a rediyo cewa gwamnatin jiha kaza ta ƙaddamar da sayar da takin zamani na daminar bana. A kafa rumfa, a jera buhuna, a kira manoma 'yan ƙalilan su karɓa a gaban kyamara. Lokacin da ake wannan biki, masarar da aka shuka da ruwan farko ta kai gwiwa, an gama noman firi, wasu ma sun shiga maimai. Daga ranar bikin zuwa ranar da buhu zai sauka a mazaɓa kuwa, sai an ƙara wasu makonni.

Mun saba ɗora laifin a kan sata da karkatar da kaya, kuma akwai su, ba na musu. Amma ko da duk mai hannu a harkar ya zama mai tsoron Allah, taki ba zai daina makara ba muddin mai sayo shi da mai ɗauko shi kowa na aikinsa shi kaɗai, babu mai tambayar ɗan'uwansa.

Duk malamin gona zai gaya maka cewa masara na son takin kamfa tun ranar shuka, ko cikin sati biyun farko, sannan a bi ta da yuriya idan ta kai sati biyar ko shida. Wanda ya samu kamfa bayan masara ta fara goyo ya yi ihu bayan hari. Ko dai ya zuba don kada ransa ya ɓaci, ko ya ajiye wa noman rani, ko ya karyar da shi a kasuwa ya biya bashin wanda ya riga ya saya tiya-tiya da tsada. Sai a ce manoma na sayar da takin tallafi. To me zai yi da shi?

Mu dubi tafiyar da buhu ɗaya ke yi kafin ya zo hannun manomin Ɗanja ko Tudun Wada. A shirin takin shugaban ƙasa, wanda ya biyo bayan yarjejeniyar Nijeriya da Maroko a Disambar 2016, ana haɗa kamfa ne da kaya huɗu: sinadarin fosfet daga Maroko, fotash daga ƙasashen waje, sai yuriya da farar ƙasa na gida. Biyun farko ta teku suke zuwa. Yuriyar da muke alfahari da ita ma a bakin teku ake yin ta: Indorama a Eleme, Notore a Onne, duk a Jihar Ribas, sai masana'antar Ɗangote da aka buɗe a Lekki a 2022. Kowace cikinsu ta fi kilomita 900 nesa da Kano. Sai an kwaso waɗannan kaya a tirela zuwa masana'antun haɗawa, an gauraya, an ɗura a buhu, sannan a sake lodi zuwa sito. In ɗaya cikin huɗun ya maƙale a hanya, injin ya tsaya, sauran ukun suna zube. Haka aka gani a 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya hana fotash ɗin da ake jira daga Rasha isowa, har sai da aka koma Kanada neman wani a gurguje, damina tana ƙofa.

A ofis kuwa wata tafiyar ake yi dabam. Sai an sa hannu a kasafi, an jira sakin kuɗi, an tallata kwangila kamar yadda dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 da takwarorinta na jihohi suka tanada, an jira masu neman kwangila, kwamiti ya zauna, majalisar zartarwa ta amince. Duk wannan daidai ne, ba na so a tsallake ko mataki ɗaya. Inda gizo ke saƙar shi ne, ma'aikacin da ke riƙe da fayil ɗin ana auna shi ne da arhar buhu da cikar takardu. Ran da aka sa hannu a kwangila, shi ya gama. Babu mai tambayarsa ko tirela nawa za a buƙata, ko wane sito ne zai karɓa, ko akwai kuɗin man dizal da na 'yan dako a cikin lissafin. Wannan kuma na wani sashe ne, kuma sau tari sashen ba ya jin labari sai kaya sun iso babban birnin jiha.

A wata sakatariyar ƙaramar hukuma na ga tirela cike da taki ta kwana a bakin ƙofa a tsakiyar marka. Direba ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota, yaron mota na ta gyara tamfol saboda yayyafi. Mai riƙe da makullin sito bai samu takarda ba, 'yan dako sun ce ba su taɓa buhu sai an faɗi mai biyansu, siton kansa kuma rufinsa na yoyo ta kusurwa. Da aka sauke, yuriyar da ta sha danshi ta dunƙule, sai da aka sa taɓarya. Daga nan zuwa ƙauyuka babu motar da ke shiga sai babur, buhu biyu-biyu, kuma kuɗin babur ɗin a wuyan manomi. Arhar da aka yi murnar samu a takarda, a hanya ta zube. Direban nan kuma, in aka sake kiransa baɗi, sai ya sa kwanan da ya yi a cikin kuɗin mota.

Ɗan kasuwar taki ba ya wannan kuskure, don aljihunsa ne. Shi ne mai saye, shi ne mai neman mota, shi ne mai sito. Tun cikin rani yake tara kaya, lokacin da hanya ke bushe, ba a rububin mota. Ya san direbobin da ke kai hatsi da albasa da shanu Kudu ba sa son dawowa fanko, don haka da su yake shiryawa. Kafin ya biya kuɗin buhu ya riga ya san nawa zai tsaya masa a ƙofar shago, kuma wace rana. Abin da gwamnati ta raba wa ofis uku, shi a ƙwaƙwalwa ɗaya yake yin sa.

A Maris ɗin 2024 Babban Bankin Nijeriya ya miƙa wa Ma'aikatar Noma buhu miliyan 2.15 na taki. Labarin ya yi daɗi, amma a yi lissafi: tirela ɗaya buhu 600 take ɗauka, ke nan ana buƙatar sawu fiye da 3,500. Irin wannan adadi ne ya kamata ya zo a sanarwa tare da adadin buhunan, da sunayen sito, da ranar isa kowace jiha. A Arewa maso Gabas ma akwai ƙarin mataki, domin an daɗe da taƙaita zirga-zirgar yuriya saboda tsaro, sai da izini. Wanda ya ba da kwangila bai sa kwanakin neman izinin a lissafi ba ya riga ya makara tun bai fara ba.

An taɓa gwada wata hanyar. A 2012, zamanin Akinwumi Adesina yana ministan noma, gwamnati ta janye daga saye da rabo, ta koma tura wa manomi saƙo a waya ya je wurin dillali ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Tunanin ya yi kyau, domin ya mayar da saye da jigila hannu ɗaya. Amma bashin da dillalan suka riƙa bin gwamnati ya karya su, kuma dillalin da ba a biya na bara ba, ba zai yi odar na bana da wuri ba. Ashe biyan kuɗi a kan lokaci ma yana cikin jigila.

Ga tashoshin tsandauri a Kaduna da Kano da Funtua, ga tsohon layin dogo da ya iso Kano tun fiye da shekara ɗari. Taki kaya ne mai nauyi, marar gaggawa in an fara da wuri, irin wanda jirgin ƙasa ya dace da shi. Amma mai sayen da ya farka a watan Mayu ba shi da zaɓi sai tirela, a kan duk kuɗin da aka yanka masa.

Abin da nake nema bai buƙaci sabuwar hukuma ba. A fara lissafi daga ranar shuka a dawo baya. Ruwa na sauka a kudancin Kaduna da Neja kafin Kano da Katsina, su kuma kafin Sakkwato da arewacin Yobe, don haka ba rana ɗaya za a sa wa kowa ba. A rubuta a kwangila cewa farashin na buhun da ya sauka a siton ƙaramar hukuma ne, ba na wanda ke ƙofar masana'anta ba, kuma duk satin da aka ƙara a zaftare wa ɗan kwangila. Ita ma gwamnati in ta jinkirta biya ta ɗauki tara. Mai kula da sito da mai kula da motoci su zauna a kwamitin tun ranar da ake rubuta tallar kwangilar, su faɗi inda ke yoyo a gyara cikin Janairu.

A 2020 an mayar da kasafin tarayya ya fara aiki a Janairu, jihohi da dama kuma suka bi sahu, don haka uzurin jiran kasafi ya yi rauni. In kwamishinan noma ya zo kare kasafinsa, 'yan majalisa su daina tsayawa a kan tan nawa za a saya. Su tambaye shi ranar da buhu zai kwana a siton kowace ƙaramar hukuma, su rubuta amsar, su sake kiransa a ƙarshen Afrilu.