Fitilar Mota: A Duba Yadda Haske Ke Faɗuwa

Jama'a, masu ƙara wa mota fitilun LED sun yawaita, amma galibi ƙarfin haske kaɗai suke tambaya. Wannan kuskure ne.

Akwai mai harba haske nesa a tsuke. Wannan ta direban lori ce a doguwar hanya. Akwai kuma mai baza shi kusa, dama da hagu. Ita ta dace da tarakta, don mai huɗar dare ya ga garma da kututture.

In hazo ya sauko, fitilar kan rufi idonka za ta komo wa da haske. Sai a ɗaura mai bazawa can ƙasa. In wata mota ta fuskanto ka kuwa, kashe ƙarin fitilun, kada ka dallare idon ɗan'uwanka ku yi karo. Allah ya kiyaye hanya.