Wane Irin Ɓera Ne? Sabuwar Hanyar Gane Ɓeraye da Amfaninta ga Manoman Damagaram

Duk shekara, da zarar an gama girbi an kai damman hatsi rumbu, sai kukan ɓarnar ɓera ya taso a ƙauyukan Hamdara da sauran ƙasar Mirriya. Da rani kuma, gidajen rediyo kan kawo labarin zazzaɓin Lassa daga Nijeriya, maƙwabciyarmu. A shekarar 2018 kaɗai, hukumar yaƙi da cututtuka ta Nijeriya ta tabbatar da mutum 633 da suka kamu da shi, kuma 171 daga cikinsu suka rasu. Ɓarnar hatsi da wannan cuta duka daga ɓera suke fitowa. Amma wane ɓeran? Amsar wannan tambaya ita ke nuna inda za a sa ƙarfi, da kuma inda za a yi asarar kuɗi a banza.

Suna ɗaya, iri da yawa

Bahaushe ya san gafiya, ya san kurege, ya san jaɓa. Sauran ƙananan kuwa, duk ya haɗa su ya kira su ɓera ko kusu. Masana sun gano cewa ƙarƙashin wannan suna ɗaya akwai iri masu yawa, kuma halinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai ɓeran rairayi mai jan gashi da farin ciki, wanda ke fita da dare yana tone irin da aka shuka. Masana na kiran sa Gerbillus nigeriae. An ba shi wannan suna a shekarar 1920, bayan an kama shi a Fanisau, kusa da Kano. Akwai ɓeran ciyawa mai yawo da rana cikin lambuna da gindin shinge, wato Arvicanthis niloticus. Akwai ɓeran gida mai yawan nonuwa, wato Mastomys, wanda macensa kan haifi 'ya'ya goma ko fiye a ciki ɗaya, bayan kwana 23 kacal. Sannan akwai baƙin ɓera mai dogon wutsiya, gwanin hawa rufi. Shi baƙo ne, asalinsa daga nahiyar Asiya yake, jiragen ruwa suka kawo shi gaɓar teku.

Ita jaɓa ba ɓera ba ce ko kaɗan. Ƙwari ne yawancin abincinta, ba hatsi ba.

Inda ido ke gazawa

Masu iya magana sun ce kama da wane ba wane ba ne. Ɓeran gida mai yawan nonuwa ya kasu iri-iri, kuma biyu daga cikinsu sun yi kama ƙwarai, har ƙwararre kan riƙe su a hannu ya kasa rarrabewa. Su ne Mastomys natalensis da Mastomys erythroleucus. Na farkon shi ne babban mai ɗauke da ƙwayar cutar Lassa, wadda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a shekarar 1969.

Shekaru da yawa masana suna auna ƙoƙon kai da haƙori da tsawon wutsiya, amma ana yawan kuskure. Kuskuren suna kuwa kuskuren aiki ne. Wanda ya zuba guba a rumbu alhali mai tone masa shuka a gona yake kwana, ya ɓata kuɗinsa, ya kuma jefa kajinsa da yaransa cikin haɗari.

Rubutun da ke cikin jiki

A cikin jikin kowace halitta akwai wani rubutu da take gado daga iyayenta. Da Turanci ana ce masa DNA, da Faransanci kuma ADN. A nan za mu kira shi rubutun gado. Baƙaƙensa huɗu ne kawai: A, C, G da T. Yadda aka jera su shi ke sa akuya ta haifi akuya, gero kuma ya tsiro gero. Mai koyon karatu ya san wannan dabara: "gari" da "giri" baƙi ɗaya ne ya raba su, amma ma'anarsu ta sha bamban.

Wannan rubutu a ɗaure yake dami-dami cikin kowace ƙwayar jiki. Da masana suka ƙidaya, sai suka ga Mastomys natalensis na da dami 32, ɗan'uwansa kuwa na da 38. Sai dai ƙidayar na bukatar dabba mai rai da aiki mai wuya.

A shekarar 2003, wani malami mai suna Paul Hebert na jami'ar Guelph a ƙasar Kanada ya kawo hanya mafi sauƙi. Ya ce ba sai an karanta rubutun duka ba. A zaɓi guntu ɗaya mai baƙaƙe kusan 650, a karanta shi a jikin kowace dabba. 'Yan iri ɗaya guntunsu kan yi kusan daidai, na wani iri kuma ya bambanta. Guntun ya zama tamkar shaidar da makiyayi ke sa wa dabbarsa don a gane mai ita. Masu nazarin ɓeraye kan ƙara da wani guntun mai baƙaƙe 1,140.

Ga yadda aikin ke tafiya. Ana yanko ɗan ƙaramin nama daga kunne ko wutsiyar ɓeran, a sa shi cikin kwalbar magani don kada ya ruɓe. A ɗakin bincike a fitar da rubutun, na'ura ta karanta baƙaƙen. Daga nan kwamfuta ta gwada su da na dabbobin da aka riga aka tabbatar da sunayensu, waɗanda aka taskace a intanet.

Abin da aka gano

A ƙasar Gini, wani bincike da aka wallafa a 2006 ya yi amfani da rubutun gado wajen rarrabe ɓerayen da aka kama, ya kuma sami ƙwayar Lassa a jikin Mastomys natalensis kaɗai. A 2016, wani binciken ya same ta a jikin ɗan'uwan nasa mai dami 38, a Nijeriya da Gini. Ba don wannan hanya ba, da an ɗauka duk ɓera ɗaya ne.

An kuma gano cewa shi kansa Mastomys natalensis ya kasu zuriya shida a nahiyar Afirka. Yana nan tun daga Senegal har Afirka ta Kudu, amma zazzaɓin Lassa a Afirka ta Yamma yake. Saboda haka, ganin wannan ɓera a ɗaki ba ya nufin cutar ta shigo gari. Abin da ake bukata shi ne sa ido, ba firgita ba.

A nan Nijar, masana na jami'ar Abdu Mumuni da ma'aikatar kare tsirrai da cibiyar AGRHYMET sun yi aiki tare da cibiyar IRD ta Faransa a kan ɓerayen Yamai. Sakamakon da Madugu Garba da abokan aikinsa suka wallafa a 2014 ya nuna cewa ɓera mai yawan nonuwa ne ya mamaye gidajen unguwanni, baƙin ɓera kuwa ya fi yawa a kasuwanni da wuraren ajiyar kaya. A 2015, Gauthier Dobigny da abokansa suka sami ƙwayar cutar Leptospira a jikin ɓerayen lambunan bakin kogi, musamman ɓeran ciyawa. Cutar na bin fitsarin ɓera ta shiga ruwa da laka, ta kama mutum ta rauni a ƙafa ko hannu, kuma akan ɗauke ta zazzaɓin cizon sauro ne.

Me ya shafe mu a Damagaram?

Baƙin ɓera cikin buhunan manyan motoci yake tafiya, kuma Zinder mahaɗar hanyoyi ce tsakanin Kano da Yamai da Agadas. Masu lambu a Mirriya da Gidimuni kullum ƙafarsu cikin ruwa take. Manoman tudu kuma sun san abin da sake shuka ke ci. Yankin Sahel ya ga ambaliyar ɓeraye a shekarun 1975 zuwa 1976, da 1986 zuwa 1987. In an san irin da ke ƙaruwa tun da wuri, za a tare shi kafin ya fi ƙarfin mutane.

Amma hanyar na da iyaka. Na'urorin suna da tsada. Kwamfuta ba ta gane irin da ba a taɓa taskace rubutunsa ba. Kuma sakamakon da ya tsaya cikin mujallar Turanci bai amfani mai rumbu ba. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanadi cewa a raba amfanin irin wannan dukiya da ƙasar da aka ɗebo ta. Ya dace jama'ar da aka yi aiki a garinsu su nemi a dawo a faɗa musu sakamako da harshensu.

Abin da ya rage gare mu

Sanin sunan ɓera ba ya toshe rami. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Don haka:

1. A ɗaga rumbu daga ƙasa, a toshe ramuka, a share ciyawa da shara daga gindinsa.
2. A rufe abinci da randar ruwa, musamman da dare.
3. Kada a taɓa ɓera, mai rai ko matacce, da hannu tsirara. A hana yara wasa da shi.
4. Kada a sa guba sai da shawarar malamin gona. A yi tarko tare, unguwa duka, lokaci ɗaya.
5. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro, a koma da shi wurin likita ba da jinkiri ba.

Akwai kuma aikin da ya dace da ɗaliban yaƙi da jahilci. Kowane aji ya keɓe littafi ɗaya na ɓarnar ɓera. A rubuta ranar, da sunan gari, da wurin da aka ga ɓarnar, gona ko lambu ko rumbu ko ɗaki, da abin da aka ci, da lokacin, dare ko rana. Guntun naman da ba a rubuta inda aka samo shi ba, ba shi da amfani ga masani komai kyan na'urarsa. A riƙa nuna wa malamin gona wannan littafi duk lokacin da ya zo gari.