Tomo: garin da ya shekara talatin yana gardama a kan gada ɗaya

Yau tafiyar tamu da nisa, sai ƙasar Japan, wani ɗan gari na bakin teku da ake kira Tomonoura, mutanensa kuma su ce masa Tomo a taƙaice. Yana ƙarƙashin birnin Fukuyama, cikin jihar Hiroshima. A watan Maris na 2025 aka buɗe wata hanyar mota da aka huda ta cikin dutsen da ke bayan garin, tsawonta kilomita biyu da ɗan abin da ya ɗora. Wani zai ce to mene ne abin magana, ƙasar da ta saba huda duwatsu? Abin maganar shi ne wannan hanya ita ce ta rufe wata rigima da aka faro tun 1983. Mu kuma muna ganin kowane ɓangare na rigimar yana da gaskiyarsa, kuma laifin jan ta tsawon shekaru yana wuyan hukuma.

Bari mu fara da abin da ya sa garin ya zama gari. Tomo yana tsakiyar tekun Seto, wanda ke kwance tsakanin manyan tsibiran Japan. Idan teku ya cika, ruwa na shigowa ta gabas da ta yamma, sai su haɗu daidai gaban Tomo. Idan ya janye, sai ya rabu biyu, kowane ya koma inda ya fito. A zamanin jiragen da iska da igiyar ruwa ke turawa, matuƙi yakan biyo ruwa ya shigo Tomo, ya ɗaure jirginsa, ya jira ruwa ya juya, sannan ya ci gaba. Shi ya sa ake kiran garin tashar jiran ruwa. Kun san kuwa duk inda matafiyi ya yada zango, dole ya ci, ya kwana, ya sayi igiya, ya gyara abin hawa. Da haka Tomo ya yi arziki.

Garin ba na jiya ba ne. Sunansa ya fito a cikin Manyoshu, tarin waƙoƙi mafi tsufa na Japan, wanda aka haɗa a ƙarni na 8. A 1576 Ashikaga Yoshiaki, shugaban soja na ƙarshe daga gidan Ashikaga, ya zo ya fake a Tomo bayan an kore shi daga Kyoto. A zamanin Edo, jakadun Koriya da ke kan hanyar zuwa fadar mulkin Japan sukan sauka a nan, a masaukin Taichoro da ke jikin wurin bautar Fukuzenji. Wani daga cikin tawagar 1711 ya yaba abin da ya hango daga tagar masaukin, ya ce bai ga wurin da ya fi shi kyau a Japan ba. A 1867 kuma jirgin Iroha Maru, wanda Sakamoto Ryoma ke ciki, ya yi karo da wani jirgin ya nutse a kusa, kuma a Tomo aka fara zaman neman diyya.

Abin da ya fi jan hankalin masana shi ne tashar kanta. Tashar jirgi ta zamanin Edo tana da abubuwa biyar: hasumiyar fitila ta dutse, matakalar dutse da ke gangarawa cikin ruwa don a iya sauke kaya ko teku ya cika ko ya janye, katangar tare igiyar ruwa, filin gyaran ƙasan jirgi, da gidan masu gadin shige da fice. A Tomo ana iya ganin duka biyar ɗin, abin da ya yi wuya a samu a wani wuri. Hasumiyar fitilar, wadda aka gina a 1859, har yau tana tsaye a bakin ruwa.

Me ya sa suka tsira? Gaskiya mai ɗaci ita ce an manta da garin ne. Da jirage masu inji suka zo, babu mai buƙatar jiran ruwa. Babban layin dogo ya bi ta Fukuyama, ya bar Tomo a gefe. A watan Agusta na 1945 jiragen Amurka sun ƙona Fukuyama, Tomo ya kuɓuta. Da babu kuɗin rushewa a sake gini, sai tsoffin gidaje suka zauna yadda suke.

To amma mutane ne ke kwana a cikinsu. Babbar hanyar da ta ratsa garin an yi ta ne don mai tafiya a ƙasa, akwai wuraren da mota biyu ba sa iya giftawa sai ɗaya ta ja baya. Ku ƙiyasta ambilans ɗauke da tsohuwa a irin wannan lungu, ko motar kashe gobara a unguwar da gidajenta na katako ne. Ga ƙarancin wurin ajiye mota, ga aikin magudanar ƙazanta da ya yi ta jinkiri. Matasa suka yi ta barin gari, yawan jama'a ya ragu da fiye da rabi, aka bar tsofaffi da gidajen da babu kowa.

A 1983 jihar Hiroshima ta fito da maganinta: a cike wani ɓangare na tashar da ƙasa, a yi wurin ajiye motoci, a ɗora gada mai tsawon kusan mita 180 ta ratsa bakin tashar. Mazauna da yawa suka yi na'am. Wasu kuma suka ce sam, idan aka cike tashar an kashe abin da ya sa Tomo ya zama Tomo. Gari ya rabu, maƙwabci da maƙwabci. Ƙungiyar ICOMOS, mai ba UNESCO shawara kan kayan tarihi, ta yi kira a dakatar da aikin. Miyazaki Hayao, mai shirya finafinan zane, wanda ya zauna a garin na ɗan lokaci kafin ya fitar da fim ɗin Ponyo a 2008, shi ma ya nuna bai goyi bayan gadar ba.

A 2007 wasu mazauna suka kai ƙara. Ranar 1 ga Oktoba 2009 kotun Hiroshima ta hana gwamna ba da izinin cike tashar. Hujjarta ita ce kyan wurin da tarihinsa dukiya ce ta al'ummar ƙasa baki ɗaya. Wannan ne karo na farko da kotu a Japan ta tsayar da aikin gwamnati saboda kare kamannin wuri. A 2012 gwamna Yuzaki Hidehiko ya ce ya janye batun gada, za a huda dutse. A 2016 aka soke shirin a hukumance. A 2017 gwamnatin ƙasa ta sa tsohon garin cikin jerin unguwannin gargajiya da doka ke karewa.

Mu a ganinmu kotu ta yi daidai. Hanya ana iya yin ta a wani wuri, ga shi kuwa an yi. Matakalar dutsen da aka binne a ƙarƙashin siminti kuwa ta tafi kenan har abada. Idan abu biyu suka yi karo, ɗaya yana da madadi ɗaya ba shi da shi, mai hankali ya san wanda zai taɓa.

Sai dai ba za mu bi sahun masu yi wa magoya bayan gada kallon jahilai ba. Mai zuwa yawon buɗe ido yakan ɗauki hoto da yamma ya koma otal. Mai gari shi ne zai kwana yana tunanin ta ina likita zai shigo idan numfashin mahaifiyarsa ya sarƙe cikin dare. Wanda bai taɓa zama cikin wannan fargaba ba, bai kamata ya ɗaga murya a kan wanda ke cikinta ba. Tsohon gari kuma idan mutanensa suka watse, gidajen ma ba sa daɗewa, domin gidan da ba a kwana cikinsa shi ne ke fara faɗuwa.

Inda muke ganin laifi shi ne a wajen hukuma. Ta ajiye wa mutane zaɓi ɗaya, ko gada ko ku zauna haka nan, ta kuma jingina sauran gyare-gyaren gari da wannan gada. Dutsen da aka huda a ƙarshe yana nan tun 1983, kuma masu adawa da gadar sun daɗe suna nuna shi. Daga fitowar shirin zuwa buɗe hanyar, shekara 42. Yaron da aka haifa a shekarar da aka fara gardamar ya girma, wataƙila ya yi ƙaura, kafin a gama. Wannan asara ba kotun da za ta mayar da ita. Ba ma cewa sabuwar hanyar ta warware komai, lungunan suna nan da ƙuncinsu, tsufan jama'a yana nan. Amma ta nuna cewa tun farko akwai mafita ta uku.

Abin da ya sa muka ɗauko labarin shi ne tambayar ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Mai zama a Birnin Damagaram ko a tsohon garin Agadas, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, ya san yadda ake ji idan baƙo na yaba ginin ƙasa, kai kuma kana duban sama da damina kana addu'a kada bango ya biyo ka. Duk ranar da aka zo mana da zancen ko tarihi ko ci gaba, mu tambayi mai maganar: wace hanya kuma ka duba kafin ka kawo mana wannan? Kuma ka zauna da masu kwana a unguwar, ko daga ofis ka yanke?

Ku kuma me kuka gani? Da ku ne mazauna Tomo a 1983, wane ɓangare za ku tsaya? Allah ya ba mu shugabanni masu sauraro.