Ƙafa Ba Ta Duba Madubi

'Yan'uwana mata, yau da ku nake, musamman 'yan matan Katsina da kambas mai dogon wuya ya shiga ransu. Ban musa ba, yana da kyau a ƙarƙashin abaya. Amma ni ina da ja, kuma sai na faɗa, ko da za a ce na cika tsegumi.

Wai sabon yayi! Takalmin nan na Converse All Star tun 1917 aka fara yin sa a Amurka, domin maza 'yan ƙwallon kwando. Wuyan da ke burge ku an yi shi ne don ya rufe idon sawun ɗan wasa. Cikinsa kuwa a shimfiɗe yake, ba tudun da zai tallafi tsakiyar tafin ƙafa. To ke baiwar Allah, wane kwando za ki jefa wa ƙwallo tsakanin Ƙofar Marusa da Babbar Kasuwa?

Ki lissafa wuninki mana. Salla biyar, kusan kowacce da alwalarta. Gidan suna, gidan biki, gidan gaisuwa, ko'ina sai an tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Masu silifa sun shige har sun gaisa, ke kina duƙe kina kokawa da igiya, ga goyo a baya. A watan Afrilu kuwa, zafi ya haura digiri 40, ƙafa na kulle cikin roba da safa, ga danshin alwala tsakanin yatsu. Daga nan sai wari da ƙaiƙayi, har ki ji nauyin tuɓewa gaban surukai. Haba!

Ban ce kada ki saya ba. In ranki ya biya, ki je da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Ki tafi da safarki, ki gwada ƙafa biyun, ki taka ki zagaya. Ki bar filin babban yatsan hannu a gaba. In mai shago ko ɗan gwanjo ya ce, "Hajiya, zai saki," ki ajiye masa kayansa. Robar bakinsa ba ta saki.

Kuɗin adashi da wuya suke taruwa. Kada ki zuba su a abin da zai kwana ƙarƙashin gado, ke kuma ki koma ga tsohon silifanki kina ɗingishi. Masu yaba kwalliyar ba su za su taka miki ba.

Allah Ya ba mu ikon gyarawa, amin.