FILIN DABARA: A Juya Idon Kyamara, A Ga Abin Da Ido Ba Ya Gani

A wannan wata za mu taɓo wani fanni na ɗaukar hoto wanda ba kasafai ake jin labarinsa a wajenmu ba, watau ɗaukar hoton ƙananan abubuwa, irin su kan sauro, ko ƙwan ƙwaron wake, ko zaren tufa, a fito da su ɓaro-ɓaro kamar an kawo su daga wata duniya. Da yawa suna tsammanin wannan aikin masu dogon karatu ne da masu kayan miliyoyi. To, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Rabin kayan aikin yana nan kwance cikin ƙura a shagunan masu foto na Abena da Shagwa, sauran kuwa ana samunsa wajen masu gyaran rediyo da 'yan gwangwan a kasuwar Dembe.

Tun da aka daina yayin fim, wayar hannu ta karɓe kasuwa, tsofaffin kyamarori irin su Zenit da Yashica da Pentax suka zama kayan ajiya. Jikin kyamarar kam ya gama aiki. Amma idonta, wato gilashin gaba wanda masu foto ke kira objektif, bai mutu ba. Kuma da tsohuwar zuma ake magani, domin tsohon ido yana da zobe a jikinsa wanda ake murzawa da hannu a buɗe ƙofar haske ko a tsuke ta, alhali yawancin na zamani, da zarar an raba su da jikin kyamara, ba sa jin magana.

Ga asirin abin. An ƙera idon kyamara ne domin ya ɗauko babban abu, kamar mutum ko gida, ya ƙanƙanta shi ya zuba a kan ɗan farantin da ke karɓar hoto a ciki. In ka ciro shi ka juya, gaba ya koma baya, sai aikin ya juye: ya ɗauko ƙaramin abu ya faɗaɗa shi. Ido mai lamba 50, wato milimita 50, in an juya shi yakan kawo abu kusan daidai girmansa a kan farantin, abin da masu sana'ar ke kira ɗaya bisa ɗaya. Kada a raina wannan. Farantin yawancin kyamarorin da ke hannun jama'a bai wuce faɗin milimita 23 ba, saboda haka ƙuda guda zai cinye kusan rabin hoto. Mai lamba 28 kuwa yakan ninka sau biyu ko fiye. Ƙaramar lamba, babban ninki.

Wanda yake da ido biyu yana iya haɗa su baki da baki. A bar dogon, alal misali mai lamba 200, a jikin kyamara yadda aka saba, a kife mai lamba 50 a gabansa, a naɗe mahaɗar da salatif. Lissafin ba wuya: a raba 200 da 50, ninki 4 ke nan. A wannan mataki abin da bai wuce milimita 6 ba shi ne zai cika hoton daga gefe zuwa gefe. Hanya ta uku ita ce a nesanta ido daga jikin kyamara da bututu. Bututun roba na masu aikin famfo ya isa, muddin an shafe cikinsa da baƙin fenti marar ƙyalli, an kuma toshe duk inda haske zai ɓullo. Tsawon milimita 50 a bayan ido mai lamba 50 yana ba da ɗaya bisa ɗaya, in an ƙara tsawo ninki ya ƙaru.

Mai waya kaɗai ma ba a bar shi a baya ba. A cikin kowace matacciyar na'urar DVD akwai wani ɗan mitsitsin gilashi, bai kai ƙwayar wake ba, a daidai inda hasken da ke karanta faifai yake fitowa. A ciro shi a hankali, a ɗora a kan idon wayar, a riƙe shi da salatif ta gefe. Sai dai a sani, sai an kusanci abu ƙwarai, kamar za a taɓa shi, kafin hoto ya fito, kuma gefe-gefen hoton yakan yi dishi-dishi. Tsakiyar ce abin nema.

Kada wani ya ce wannan haɗe-haɗen talauci ne kawai. Akwai wani mutumin Mosko ta ƙasar Rasha, Alexey Kljatov, wanda hotunansa na ƙwayoyin dusar ƙanƙara suka zaga duniya a 2013. Da me ya ɗauke su? Da wata ƙaramar kyamarar Canon, da idon Helios na tsohuwar Zenit a juye, ya ɗaure su a kan guntun katako da salatif, yana aiki a barandar gidansa. Irin wannan Helios ɗin, mai lamba 58, Tarayyar Sobiyat ta ƙera shi da yawan gaske, shi ya sa har yau ba ya wuyar samu. In muka koma baya kuma, Antonie van Leeuwenhoek, wanda ya leƙa ruwan tafki a 1674 ya ga ƙananan halittu suna yawo a ciki, ɗan kasuwar yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, kuma da hannunsa yake yin 'yan gilasansa.

To amma gilashi shi ne mafi sauƙi a cikin al'amarin. Wahalar tana wuri uku, kuma a nan ne masu gaggawa ke ajiye kaya.

Ta farko haske. Duk lokacin da ninki ya ƙaru, hasken da ke isa farantin yana raguwa. A ɗaya bisa ɗaya sai an nemi haske ninki 4 na wanda aka saba, a ninki 4 kuwa sai ninki 25. Wani zai ce ai rana ba ta yi mana rowa a Njamena ba. Haka ne, amma ranar tsaka ba ta yi, domin jikin ƙwaro yana da sheƙi, sai hoton ya fito fari fat a wani wuri, baƙi ƙirin a wani. Dabarar ita ce a tausasa hasken. A sami farin kofin roba, a yanke gindinsa, a kife a kan abin da za a ɗauka, a haska tocila ko filasha daga waje. Farar takarda ma tana yi.

Ta biyu, wadda ta fi ba sabon shiga haushi, ita ce ƙarancin wurin da ke fitowa tar. A ɗaya bisa ɗaya, da zoben a kan lamba 8, kaurin wurin da zai fito fes bai kai milimita guda ba. A ninki 4 ya koma kamar kaurin gashin kai. Ka saita idon sauro, fukafukinsa ya ɓace. Ka saita fukafuki, ƙafa ta zama hayaƙi. Mutum zai yi sha'awar tsuke ƙofar haske har ƙarshe domin ya ƙara zurfi, amma in ta tsuke da yawa sai hoton gaba ɗaya ya yi laushi, don haka a babban ninki gara a tsaya wajen 5.6 ko 8. Wasu tsofaffin idanun suna da ɗan tsinke a baya wanda sai an danne shi kafin zoben ya yi aiki. Guntun ashana da salatif sun isa. Maganin da ƙwararru suka samo shi ne a ɗauki hotuna da yawa, kowanne an matsa gaba kaɗan, sannan kwamfuta ta tsinto wurin da ya fito a kowane ɗaya ta haɗa su. Akwai manhajoji domin haka, kamar Helicon Focus da Zerene Stacker. Wani Bature ɗan Ingila, Levon Biss, ya nuna hotunan ƙwari a gidan tarihin halittu na Jami'ar Oxford a 2016, kowane hoto an haɗa shi daga hotuna wajen 8,000. Mu ba mu kai can ba, kuma ba ma bukata. Hotuna 20 ko 30 sun isa kan sauro.

Yaya za a riƙa matsawa daidai-wa-daida? A nan mai walda ya shigo. A sa ya haɗa ɗan dandamali da ke tafiya a kan bolti da noti. Bolti mai kaurin milimita 6 na yau da kullum, in an murza shi zagaye guda cif, yana tafiya milimita 1. A manna faifan kwali a kansa, a raba shi gida 10, kowane gida ya zama kashi ɗaya cikin goma na milimita. Abin da ake ɗauka shi ake matsarwa, kyamara kuwa ta zauna daram.

Wannan ya kawo mu ga ta uku, wato motsi. A irin wannan ninki, numfashin mutum ma girgizar ƙasa ne, balle babbar mota ta wuce a titi. A kwantar da kyamara a kan ƙaramin buhun yashi, a sa ta ƙirga daƙiƙa biyu kafin ta ɗauka, a janye hannu. Ƙwaro mai rai kuma ba ya tsayawa don an roƙe shi. Da sassafe, musamman a sanyin Disamba da Janairu, ƙwari ba su da kuzari. Mai koyo dai ya fara da mataccen sauron da ya tsinta a gindin gidan sauro. Wani daɗin abin, aiki ne na tsakar gida; ba mai tare ka ya ce don me ka ɗauke shi hoto.

Yanzu sai tambayar da na san tana bakin dattawa: duk wannan wahala, amfanin me? A ganina amsar tana cikin randa da rumbu.

A ɗauki kurkunu. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ne ke kamuwa da shi a duniya. Nijeriya da Nijar sun sami shaidar rabuwa da shi a 2013. A nan Chadi an yi shekaru ba a ba da rahotonsa ba, sai ga shi ya sake ɓulla a 2010, daga 2012 kuma aka fara ganinsa a jikin karnuka a garuruwan bakin kogin Shari. A 2023 mutum 14 aka samu da shi a duniya baki ɗaya, 9 daga cikinsu a ƙasar nan. Abin da ke ɗauke da 'ya'yan tsutsar wani ɗan ƙwaron ruwa ne mai tsawon milimita 1 zuwa 2, mai ido guda a tsakiyar ka, wanda in ka duba kofi sai ka ɗauka ɗigon datti ne. Ma'aikatan lafiya sun daɗe suna cewa a tace ruwan tafki da ƙyallen tacewa, wasu suna ji, wasu suna cewa kakanninmu ma shi suka sha. To, a ɗebo ruwan kududdufi, a ɗiga a kan gilashi, a ɗauki wannan halitta da wayar da aka ɗora wa idon DVD, a nuna wa mai gardama tana wutsil-wutsil da ƙahonninta. Gani ya kori ji. Amma a kula: hoton ba zai gaya maka ko wannan ƙwaron yana ɗauke da cuta ba, wannan aikin ɗakin bincike ne. Abin da zai nuna shi ne ruwan da ake gani garau ba shi kaɗai ba ne a cikin kofin.

Haka sauro. Kowa a Abena ya san yadda ruwa ke kwanciya a lunguna da damina, amma mutum nawa ne suka san ba sauro iri ɗaya ke cizonsu ba? Mai kawo zazzaɓin maleriya, in ya sauka a bango, yakan ɗaga gindinsa sama kamar mai shirin dungure, fukafukansa da ɗigo-ɗigo. Na kwata yakan kwanta daidai da bango. Akwai kuma mai zanen baƙi da fari a ƙafafu, mai cizo da rana, dangin da ke yaɗa cikungunya, ciwon gaɓoɓin nan da ya kwantar da jama'a a Abeshe a 2020. Namiji, wanda ba ya cizo, ana gane shi da gashin kansa buzu-buzu. Malamin makaranta da ya nuna wa yara waɗannan hotuna, waɗanda aka ɗauka a unguwarsu, ya huta da dogon bayani.

Manomi ma yana da rabo. Tsutsar nan mai cinye masara, wadda aka fara gani a Afirka ta Yamma a 2016, ana bambanta ta da sauran tsutsotsi da alama mai kama da harafin Y a kife a goshinta, da ɗigo huɗu baƙaƙe a jere kamar murabba'i kusa da wutsiya. Hoto guda mai kyau, a tura wa malamin gona ta waya, ya fi a sayi maganin da ba nasa ba. Mai ajiye wake kuma yana iya ganin ƙwan ƙwaro, farare ƙanana manne a bayan ƙwayar, tun kafin buhu ya zama gari.

Saura gargaɗi guda, kuma namu ne na musamman. Idon da aka juya, bayansa ne a waje, wurin da ba a yi shi don ya sha iska ba, kuma duk lokacin da aka cire ido, cikin kyamara a buɗe yake. A lokacin hunturu wannan babban haɗari ne, domin a babban ninki kowane ɗigon ƙura a kan farantin sai ya fito a hoto kamar tabo. A yi canjin ido a cikin ɗaki, ƙofa a rufe, bakin kyamara yana kallon ƙasa. Kada a hura da baki, kada a goge da gefen riga, domin ƙurar tana karce gilashi. A yi amfani da ɗan famfon roba mai hura iska. Ita wannan ƙura, yawancinta daga kwarin Bodele take tasowa, can arewa wajen Faya, inda tsohon babban Tafkin Chadi ya ƙafe ya bar ɓawon wasu ƙananan tsirran ruwa jibge a ƙasa. Su kam sun fi ƙarfin idon Helios, sai an sami madubin likita kafin a ga siffarsu.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake gane tsohon ido mai lafiya kafin a biya kuɗinsa, da yadda ake raba ƙura da fumfunar da ke tsirowa a cikin gilashi.