Kuɗi Jibge, Kwaleji Ta Yi Shirin Rufewa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in ja hankalin masu hannu da shuni da ke taimaka wa makarantu, ta hanyar abin da ya faru da kwalejin Sweet Briar, wata ƙaramar makarantar mata zalla da ke jihar Birjiniya ta Amurka, inda ake koyar da adabi da tarihi da kimiyya.

A watan Maris na 2015 hukumar kwalejin ta sanar cewa za ta rufe ta saboda matsin kuɗi. Abin mamaki, a lokacin akwai kusan dala miliyan 85 a asusun waƙafinta. To ina matsalar? Kaso mafi tsoka na kuɗin nan ɗaure yake da sharaɗi. Wanda ya bayar ya ce ga abin da za a yi da shi, ba a isa a karkatar da ko sisi zuwa albashin malamai ko gyaran tsofaffin gine-gine ba. Ga nama a rataye, kura na kwana da yunwa.

Tsofaffin ɗalibai suka ce ba da su ba. Suka kafa ƙungiya, aka garzaya kotu, aka dogara da wasiyyar Indiana Fletcher Williams, wadda ta bar dukiyarta aka kafa makarantar a 1901 don tunawa da 'yarta Daisy. Wato sharaɗin mai kyauta ne ya shaƙe kwalejin, sharaɗin wata mai kyautar kuma aka riƙe wajen ceto ta. A watan Yuni aka yi sulhu a ƙarƙashin babban lauyan jihar na lokacin, Mark Herring: tsofaffin ɗaliban za su kawo dala miliyan 12, shi kuma ya kwance sharaɗin da ke kan miliyan 16 na waƙafin, a sauya shugabanni.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya biyo baya. Matan nan, wasunsu da jikoki, sukan dawo lokacin hutu da buroshi a hannu, suna shafa fenti a ɗakunan kwana, suna cire ciyawa a lambu. Ba a manna allon sunan kowa a kan wannan. Daga baya ne aka gina katafaren ɗakin rainon shuke-shuke, aka kafa amya ta zuma, aka kuma rage kuɗin makaranta da kusan kashi 32 cikin ɗari.

Ba na ƙin sabon gini, kuma mai kuɗi na da haƙƙin faɗin inda kuɗinsa zai tafi. Sai dai kowa so yake a yanka kirtani a gaban zaure mai ɗauke da sunansa, rufin da ke yoyo da famfon da ya toshe kuwa marayu ne. Duk sanda wakilanku suka je ɗauko labarin buɗe ginin da wani attajiri ya bayar, don Allah su tambayi shugaban makarantar nawa aka ware don gyaransa bayan shekara goma, kuma daga aljihun wa.



Mai karanta jaridarku a kullum