Kafin a yi wa kwamfutar shago fomatin, nemi mabuɗinta

A Garwa, daga watan Maris zuwa Afrilu, zafi da ƙura da ɗauke wuta kan haɗu su galabaitar da kwamfutocin shaguna. Sai a kai wa mai gyara, ya ce sai an yi fomatin an sake ɗora Windows. Nan ne tambayar ke zuwa: “Alhaji, ina mabuɗin?” Shiru. Kwamfutar an sayo ta hannu na biyu daga Duwala, ko daga Beirut Road a Kano, ba kwali ba takarda.

Mabuɗin nan, wanda ake rubutawa clé de produit a kwamfutar Faransanci, haruffa ne da lambobi guda 25, an raba su gida biyar, kowane gida biyar-biyar. Shi ne shaidar cewa Windows ɗinka na halal ne. Kuma sau da yawa bai ɓace ba, yana nan inda ba a duba ba.

In kwamfutar ta zamanin Windows 7 ce, juya ta ka duba ƙarƙashinta, ko ka cire batir ka leƙa. Akwai 'yar takarda manne mai ɗauke da lambar. Ɗauke ta a hoto tun yanzu, don zafi da gogayya suna cinye rubutun. Sai dai ka sani, tun Satumban 2023 Microsoft ya rufe ƙofar kunna Windows 10 ko 11 da mabuɗin Windows 7.

Daga Windows 8, wato tun 2012, kamfanoni irin su HP, Dell da Lenovo sun koma dasa mabuɗin a cikin injin kanta. In kwamfutar tana tashi, buɗe PowerShell ka rubuta wannan:

(Get-CimInstance SoftwareLicensingService).OA3xOriginalProductKey

In lamba ta fito, kwafe ta. In ba ta fito ba, kar hankalinka ya tashi. Shiga Paramètres ka nemi Activation. In ka ga an rubuta licence numérique, to Microsoft ya riga ya san injinka. Lokacin sake ɗorawa, in an nemi mabuɗi, sai a danna Je n'ai pas de clé de produit a wuce. Da zarar ta hau intanet za ta kunna kanta. Canza hadis ba ya taɓa wannan lasisin. Abin da ke taɓa shi shi ne canza carte mère, shi ya sa yana da kyau ka haɗa kwamfutar da asusun Microsoft naka tun tana lafiya.

A nan ake yawan yin ɓarna: dole a ɗora irin Windows ɗin da kwamfutar ta zo da shi. In Famille ne, a sa Famille. Wasu masu gyara sun saba ɗora Professionnel ga kowa, mabuɗinka na asali ya ƙi shiga, sai su kunna ta da manhajar sata. Irin wannan kunnawar yawanci ta kwana 180 ce, ana ta sabunta ta a ɓoye, kuma manhajojin kan zo da ƙwayoyin cuta. Ka tuna a kwamfutar nan kake shiga banki, a nan lissafin kuɗin mutane yake. Don ka gane matsayin taka, danna maɓallin Windows da R tare, rubuta slmgr /xpr. Za ta gaya maka ko kunnawar ta dindindin ce ko tana da ranar ƙarewa. Haka ma mabuɗan da ake tallatawa a WhatsApp kan sefa dubu ɗaya ko biyu, a yi hattara: araha ba ta ado.

Akwai wani mabuɗi na biyu da ya fi wannan haɗari. Sababbin kwamfutoci da yawa suna kulle bayanansu da BitLocker, mai lambobi 48. In ka rasa mabuɗin Windows, kuɗi kawai za ka kashe ka sayi wani. In ka rasa na BitLocker kuma kwamfutar ta nema, to littafin bashin abokan cinikinka na Marwa, Mubi da Injamena ya tafi, Microsoft kansa ba zai iya buɗe maka ba. Galibi ana samunsa a asusun Microsoft da aka fara shiga kwamfutar da shi. Tambayi yaron da ya saita maka ita, da imel ɗin wa ya yi? In nasa ne, kuma gobe ya koma Yola, ka ga matsala.

Saboda haka, kafin kowa ya taɓa kwamfutar, kwashe lissafin shago da hotunan iyali zuwa filashi. Rubuta mabuɗan biyu a takarda ka ba uwargida ta adana tare da takardun haihuwar yara, sannan ka tura wa kanka kwafi ta imel, don in ka yi tafiya yana tare da kai.

Masu Windows 10 kuma su sani, Microsoft ya daina tallafa masa tun 14 ga Oktoban 2025. In injinka na iya ɗaukar Windows 11, lasisinka na 10 ya isa, ba sai ka biya ba.